KALMOMIN SHIMFIƊAƊƊIYAR SIFFA A HAUSA: NAZARI DAGA AGADAS, TARE DA WAIWAYEN TSOHON INGILISHI

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fassara littafin lissafi ko na labarin ƙasa daga Faransanci ko Ingilishi zuwa Hausa ya san wani tarnaƙi da ke jiransa a hanya. Faransanci yana da kalmar "plat", Ingilishi kuma yana da "flat", kowace ɗaya tana ɗaukar tabarma da allo da fili da gurasa da rufin soro a ƙarƙashinta. Mai fassara yakan nemi kalma guda ta Hausa wadda za ta yi wannan aiki duka, ya rasa, sa'an nan ya yanke hukunci cewa Hausa ce ta gaza. Daga nan sai ya ɗauko kalmar aro, watau "lebur", ya yi ta jefa ta ko'ina.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan hukunci kuskure ne. Hausa ba ta rasa kalma ba. Abin da ta yi shi ne ta raba ma'anar gida huɗu, ta ba kowane gida kalmominsa. Za mu bi waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya, da misalai daga birnin Agadas da sana'o'insa. Bayan haka za mu duba kalmomin aro, mu kuma waiwayi tsohon Ingilishi, domin abin da ya sami kalmominsa na wannan fanni ishara ce gare mu.

2.0 Dalilin Zaɓen Agadas

Agadas ita ce hedkwatar masarautar Azbin tun ƙarni na 15, kuma zango ce a kan hanyar fatake wadda ta taso daga Gadamas da Gat, ta ratsa Damargu, ta sauka Kano. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga garin a watan Oktoba na 1850, ya tarar 'yan gari suna magana da wani karin harshe na dangin Sangai, Azbinawa suna yin Tamajak, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki. Wancan kari na Sangai ya riga ya mutu a cikin birnin, sai ɗan'uwansa Tasawak da ya saura a Ingal. Hausa ce ta gaji kasuwa da gida. Saboda haka Hausar Agadas ta yi zaman maƙwabtaka da Tamajak da Larabci da Barbarci da Faransanci, kuma kowannensu ya bar sawunsa.

Dalili na biyu shi ne yanayin wurin. A arewa ga duwatsun Azbin, a yamma ga filin Igazar, a gabas ga hamadar Tenere. A tsakiyar tsohon gari, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, hasumiyar babban masallaci ta miƙe sama mita 27, soraye masu shimfiɗaɗɗen rufi kuwa sun kewaye ta. Mai neman misalin abin da ya tashi da abin da ya kwanta ba sai ya yi nisa ba.

3.0 Gidajen Ma'ana Huɗu

3.1 Faɗi

Gida na farko shi ne na abin da ya yalwata daga gefe zuwa gefe. Uwar kalmomin nan ita ce "faɗi". Tana cikin rukunin sunaye da F. W. Parsons ya yi nazarinsu a 1955, waɗanda ke bayyana abin da gaɓoɓin jiki ke ji ko gani, kamar kauri, zurfi, nauyi, taushi da santsi. Dukkansu gaɓa biyu gare su, ta farko mai nauyi, karin sautinsu sama-sama, kuma suna ƙarewa da dogon wasalin "i". Hanya ɗaya suke bi wajen haihuwa:

(a) faɗi, faffaɗa, faɗaɗa
(b) kauri, kakkaura, kaurara
(c) zurfi, zuzzurfa, zurfafa

Kalma ta biyu a kowane layi sifa ce, ta uku kuwa aikatau. Wannan tsari ya nuna cewa "faɗi" 'yar gida ce, ba baƙuwa ba, domin kalmar aro ba ta cika shiga irin wannan ƙira ba.

Idan faɗin ya wuce misali, sai a koma ga sifofin kambamawa da amsa-kama: makeken fili, shimfiɗeɗen rairayi, fankamemen faranti, hanya fetal. Madugun da ya fita Agadas da ayarin gishiri, ya doshi Fashi da Balma, tafiyar kusan kilomita 600, makeken sarari ne ke gabansa. Takalmin Azbin mai faffaɗan tafi, wanda ke hana ƙafa nutsewa cikin rairayi, shi ma a wannan gida yake, kamar yadda tafin ƙafar raƙumi yake.

Abin lura a nan shi ne, faɗi bai ce kome ba game da kauri. Gini yana iya zama faffaɗa kuma kakkaura a lokaci guda.

3.2 Rashin Kauri

Gida na biyu shi ne na abin da tsakanin fuskarsa da bayansa ba nisa. A nan muna da:

(a) falle: ɗaya tilo daga abin da ake jerawa bisa juna, kamar fallen takarda ko fallen zane.
(b) fale-fale: abin da kaurinsa ya yi ƙaranci ƙwarai.
(c) shara-shara: abin da ya yi fale-fale har ana hangen bayansa.
(d) sala: yankan nama marar kauri. Daga nan aka sami "sala-sala".

Mahauci mai kilishi yakan yanka nama sala-sala, ya buɗe shi, ya shanya, ya tsoma cikin haɗin ƙuli-ƙuli da yaji, ya sake shanyawa, sa'an nan ya gasa. Matan makiyaya na Azbin sukan zuba daskararriyar madara bisa 'yar tabarmar tsirkiya ko ta kara, su baje ta, ta bushe ta zama cuku, har ana ganin zanen tabarmar a jikinsa. Kilishi da cuku duka fale-fale ne, amma in an ɗaga su za a ga sun ɗan tanƙware, ba su kwanta bai ɗaya ba. Hausawa sun san bambancin gida na farko da na biyu sarai, shi ya sa suka ce fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Watau faɗi kaɗai bai isa ba.

3.3 Rashin Tudu da Kwari

Gida na uku shi ne na fuskar da ba ta da tudu, ba ta da kwari. Mafi yawan kalmominsa sunayen ƙasa ne da na dutse:

(a) fili: wurin da ba gini, ba kurmi.
(b) sarari: buɗaɗɗen wuri inda ido ke tafiya ba shamaki.
(c) faƙo: ƙasa mai tauri wadda tsiro ba ya fita a kanta.
(d) fa: dutsen da ya kwanta ya shimfiɗu a ƙasa.
(e) falale: babban shimfiɗaɗɗen dutse, irin wanda ake shanya a kansa.
(f) dandali: sharaɓɓen fili na wasa ko taro a cikin gari.

Kowace ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da wani bayani na daban bayan siffa. Faƙo yana gaya wa manomi kada ya ɓata irinsa. Fa yana gaya wa mai haƙar rijiya ya matsa gaba. Idan kuwa siffar kaɗai ake nufi, Hausa tana da "bai ɗaya": ƙasar ta kwanta bai ɗaya. In ana nufin abin da hannu ke ji in ya shafa, sai a ce sumul, ko santsi, ko sulɓi.

3.4 Aikin Hannu

Gida na huɗu na aikatau ne, kuma shi ya fi sauran arziki. Bahaushe ya fi son ya faɗi yadda aka yi abu ya kwanta, a kan ya tsaya siffanta shi kurum:

(a) An shimfiɗa tabarma. (abin da ke naɗe ne aka warware)
(b) An baje ƙasa. (abin da ke tsibe ne aka watsa)
(c) An daɓe ɗaki. (abin da ke sako-sako ne aka buga ya danƙare)
(d) An shafe bango. (abin da ke da kaushi ne aka yi wa sumul)
(e) An latse ƙullu. (abin da ke dunƙule ne aka danne)
(f) Kwano ya lotse. (abin da ke da ciki ne ya faɗa)

Daga kowane aikatau ana samun sifa: shimfiɗaɗɗe, bajajje, daɓaɓɓe, shafaffe, latsattse, lotsattse. Mai fassarar da ya ce Hausa ba ta da sifa a wannan fanni, ga shida a gabansa. Sai dai kowace tana tuna asalin abin kafin ya kwanta. Maƙerin azurfa na Agadas yana ɗora curin ƙarfe bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu har ya faɗaɗa, ya yi fale-fale. A cikin wannan jimla ɗaya an ratsa gida uku.

Wasu daga cikin kalmomin nan sun fita daga duniyar abin da ake taɓawa. Ana shimfiɗa mulki, ana yi wa magana shimfiɗa, ɗan kasuwa yana baje koli, kuma an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

3.5 Gwaji da Rufin Soro

Misali ɗaya ya isa ya nuna amfanin wannan rabo. Ruwan sama a Agadas ba ya kai milimita 200 a yawancin shekaru, don haka magina suke jera azara, su shimfiɗa tabarmi ko zana, su zuba ƙasa, su daɓe. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, daɓaɓɓe ne. Amma duk maginin kirki yakan ba shi ɗan gangare zuwa bakin indararo, domin in ruwa ya kwanta bisa soro, ɗaki ya yi yoyo. Ke nan rufin shimfiɗaɗɗe ne, amma ba bai ɗaya yake ba. Wanda ya rubuta cewa rufin soro lebur ne ya faɗi abin da magini zai ƙaryata.

4.0 Kalmomin Aro

Abin sha'awa ne cewa a gidajen nan huɗu kusan babu baƙuwar kalma. Aro ya fi yawa wajen sunayen kayan da suka zo daga waje:

(a) allo, daga Larabci "al-lauh".
(b) warƙa, daga Larabci "waraƙa", watau ganye ko fallen littafi.
(c) gurasa, daga Larabci "ƙursa", kewayayyen burodi marar kauri.
(d) shigifa, daga Larabci "saƙifa", wuri mai rufi.
(e) takarda, daga Tamajak.
(f) falanki da tire da tebur, daga Ingilishi.

Tarihin "takarda" ya cancanci a tsaya kansa. Asalinta kalmar Girkanci ce ta fallen rubutu, wadda Latin ya ara ya mai da ita "charta". Berberawan arewacin Afirka suka karɓe ta, suka sa mata ɗafa-goshin tamata "ta-", ta ƙetaro hamada a bakin Azbinawa, kamar yadda "raƙumi" da "takobi" suka ƙetaro. Maarten Kossmann ya tattara irin waɗannan kalmomi a littafinsa na 2005. Ita kuma wannan kalma ta Latin ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi, ta zama "card", ta iso mana ta bakin teku a matsayin "kati". Ashe takarda da kati 'yan uwa ɗaya ne, ɗaya ta zo bisa raƙumi, ɗaya cikin jirgi.

Haka kuma gishirin Balma yana zuwa kasuwar Agadas da siffa biyu. Akwai kantu, mai tsini, wanda ake zubawa cikin ƙwaƙulallen gungume, nauyinsa kilo 20 ko fiye. Akwai kuma ɗan ƙarami, shimfiɗaɗɗe kamar gurasa, wanda ake kira foshi. A nan ma suna ya biyo kaya.

Kalmar aro guda ɗaya ce ta shigo a matsayin siffa tsantsa, ita ce "lebur". Daga Ingilishi "level" take. Baƙin "v" ya koma "b" kamar a direba, "l" na ƙarshe ya koma "r" kamar a tebur da fensir. Shi ma Ingilishi aro ya yi daga tsohon Faransanci "livel", wanda ya samo daga Latin "libella", ƙaramin ma'auni. Saboda haka ma'anarta ta asali ita ce abin da aka auna aka ga bai karkata ba. Birkila da kafinta suna da haƙƙinta. Wurinta gida na uku ne, kuma ko a can ɗaki ɗaya ta kama.

5.0 Abin da Ya Sami Tsohon Ingilishi

Tsohon Ingilishi shi ne harshen da aka yi a Ingila daga wajen shekara ta 450 zuwa wajen 1100. Wanda ya duba kalmominsa zai tarar cewa sifar nan "flat" ba ta ciki. Shi ma raba ma'anar ya yi, kusan yadda Hausa ta raba. Yana da "brad" a gidan faɗi, da "thynne" a gidan rashin kauri, da "efen" a gidan bai ɗaya, da "smethe" a wurin sumul. Wajen sunaye yana da "feld", fili, da "flor", daɓe, da "bord", katako, da "folm", tafin hannu, da "floc", wani shimfiɗaɗɗen kifin teku, da "flet", daɓen ɗaki.

Sifar "flat" baƙuwa ce. Daga harshen mutanen Denmak da Norwe ta fito, waɗanda suka mamaye arewa maso gabashin Ingila tun ƙarni na 9, kuma ba a fara ganinta a rubuce ba sai wajen 1300. Bayan cin Ingila da Normandawa suka yi a 1066, Faransanci ya ƙaro "plain" da "plate" da "level". Sakamakon wannan cunkoso iri uku ne. Wasu tsofaffin kalmomi sun rayu, amma filinsu ya ragu, su ne "broad", "thin", "even" da "smooth" na yau. Wasu sun mutu, kamar "folm" wadda "palm" ta kora. Wata kuwa ta sauya sana'a: "flet" ta tashi daga daɓe ta koma nufin ɗakin kansa, ta fake a karin harshen Sukotlan, sa'an nan a farkon ƙarni na 19 ta dawo da siffar "flat", tana nufin sashen gida a bene. Ita ce "fulat" ɗin da 'yan birni ke haya a Kano. Irin wannan tafiya ce shigifa ta yi, sai dai ita daga rufi ta fara, ba daga daɓe ba.

Darasin da ke ciki shi ne, samun kalma guda mai haɗiye kome ba alamar ci gaban harshe ba ce. Haɗuwar tarihi ce ta kawo ta, yaƙi da zama tare, kuma ba ta zo kyauta ba.

6.0 Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Mai karatu zai riga ya lura cewa kalmomin Hausa da yawa a wannan fanni da "f" suka fara: faɗi, fili, fa, falale, falle, fale-fale, faifai, faƙo, fetal. Na tsohon Ingilishi ma haka: feld, flor, flet, floc, folm. Akwai masu ganin irin wannan su ce harsunan biyu sun haɗa kaka. Wannan zato ba shi da madafa, saboda dalilai uku.

Na farko, "f" na Ingilishi a waɗannan kalmomi daga tsohon "p" ya fito, bisa ƙa'idar sauyin sauti da Jacob Grimm ya bayyana a 1822. Inda Latin ke da "pater" da "piscis", Ingilishi yana da "father" da "fish". Haka "folm" ke fuskantar "palma", "flor" ke fuskantar "planus". Girkanci "platus", faffaɗa, shi ya haifi "plat" da "plateau" na Faransanci, daga can muka sami sunan Jihar Filato. Wannan dangantaka ce ta cikin gida tsakanin harsunan Indiya da Turai, kuma ɗaruruwan kalmomi ne ke tabbatar da ita. Hausa kuwa 'yar Cadi ce, daga zuriyar harsunan Afirka da Asiya, kamar yadda Joseph Greenberg ya kafa hujja. 'Yan'uwanta na nesa su ne Larabci da Tamajak.

Na biyu, abin da muke rubutawa "f" a Hausa ba sautin Ingilishi ba ne. Da leɓe biyu ake furta shi, ba da leɓe da haƙori ba, kuma a Sakkwato da Tawa da Dogondutsi ana cewa hwaɗi, hili, hwalle. Kamar da ido ya gani a takarda, kunne ba ya jin ta a can.

Na uku, kowane harsuna biyu aka gwama, sai an sami kalmomin da suka yi kama bisa katari. Hausa tana da "shi", Ingilishi yana da "she", furuci ɗaya, amma ɗaya namiji ɗaya tamata. Dangantakar harsuna ba ta tabbata sai da daidaiton sauti mai bin ƙa'ida.

7.0 Kammalawa

Wannan batu ba na masu ƙamus kaɗai ba ne. Jamhuriyar Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a watan Maris na 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Za a rubuta littattafan lissafi da kimiyya da labarin ƙasa, kuma abin da aka sa a cikinsu shi yara za su ɗauka daidaitacciyar Hausa. A ɗaya gefen, siminti ya kori madaɓi daga gidaje da yawa, waƙoƙin daɓe na mata sun yi ƙaranci, kwano yana hawa inda azara take. Kalma kuwa ba ta cika daɗewa bayan aikinta ba, sai in ta sami sabon aiki, kamar yadda faifai ya tashi daga marufin ƙwarya ya koma faifan garmaho.

Don haka muke ba da shawara uku. Ta farko, mai fassara ya tambayi kansa gidan da ake nufi kafin ya zaɓi kalma: faɗi ne, ko rashin kauri, ko bai ɗaya, ko aikin hannu. Ta biyu, a bar "lebur" a inda ta dace, watau ga abin da aka auna, a yi amfani da "shimfiɗaɗɗe" da "bai ɗaya" a darasin siffofi. Ta uku, a bi magina da maƙera da dukawa da mahauta da masaƙan tabarmi da madugai na Agadas da Ingal, a rubuta kalmominsu da karin sauti da tsawon wasali da misali cikin jimla. Ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, ya adana da yawa daga na sauran ƙasar Hausa. Na Azbin suna bakin masu sana'a, kuma can ya kamata a je a same su.